Jan Zaren Maris

Sofiya, 16 ga Janairu, 1960

Yaya Ruja,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da Mama da awakinta. Kawu Ilko zai kawo miki wannan a motar madara, kamar yadda muka shirya. Kada ki saka min komai a gidan waya, ko da gaisuwar sabuwar shekara ce.

To, sun ɗauke ni! Ni ɗin nan da kika ce bakina ba ya rufuwa ko a coci, ni aka zaɓa in riƙa yi wa mutane barka da yamma a talabijin. Kada ki zaci wani wurin ƙasaita ne. Ɗaki ne ɗan tsurut, da kyamara kamar ɗan maraƙi, da fitilu masu zafin tanda. A waje dusar ƙanƙara, ni kuwa gumi na bin bayana. Kosta mai kyamara zai ɗaga yatsa, wata 'yar fitila ta kama, shi ke nan duk abin da ya fito daga bakina ya tafi. Ba a ajiye komai, ba a gyara komai. In na yi atishawa, duk Sofiya ta gani.

Ranar farko na shafa jan-baki na ci ado, sai Kwamared Gerova mai kula da shigarmu ta goge shi da hannunta. Ta ce akwatin nan fari da baƙi kawai ya sani, ja yana fitowa baƙi ƙirin, sai a ce gawayi na ci. Kullum sai ta duba ni daga sama har ƙasa kafin in zauna. Ba ɗan kunne, ba sarƙa, ko allura ba a yarda in maƙala ba.

Yanzu zancen ƙanenmu Zahari. Na je tagar nan da ake kai wa tsararru kaya, na miƙa cuku da safa da taba. Mai tagar ya karɓa. Matan da ke layi sun ce in ana karɓa, to mutum na da rai. Wata ta raɗa min cewa an kai su inda ake fasa dutse. Wai duk a kan wasan da ya yi a gidan biki, cewa shanun gonar haɗin gwiwa sun fi ba da madara a jarida. Yaron da in ba sarewarsa ba, ba abin da ya dame shi.

A wurin aiki ba wanda ya san ƙanena ne, tunda ni da ke sunan ubanmu muke ɗauke da shi, shi kuma na nasa uban. Ina jin kunyar ɓoye shi, Yaya. Amma in sun kore ni daga birnin nan, wa zai riƙa zuwa tagar?

Ki gaida Mama, ki ce mata ana karɓa.

Ƙanwarki,
Bistra

Yasenik, 20 ga Fabrairu, 1960

Bistra,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Awaki ma lafiya, tunda har su kika tambaya.

Mun gan ki. Sakatare Minko na jam'iyya ya kawo akwatin talabijin ya ɗora a ɗakin taro, ya kafa wani dogon ƙarfe a kan rufi, har ya kusa karya wuyansa, amma ba mu yi sa'a ba. Gari kaf ya taru. Hoton yana rawa kamar ana kallon mutum a cikin ruwan rijiya, amma ke ce. Kin buɗe baki kin ce madarar bana ta ninka ta bara. Ni da nake tatsar shanun nan tun asuba sai na sunkuyar da kai. Abin da ƙanenki ya faɗa da wasa aka ɗaure shi, ke kin faɗa da gaske ana tafa miki.

Mama kuwa ba dama. Duk ranar da akwai shiri sai ta yi wanka, ta ɗaura kallabinta na zuwa coci, ta ɗauki kujerarta tun rana ba ta faɗi ba. Kika ce barka da yamma, sai ta amsa da ƙarfi, “Yauwa, 'yata, kin ci abinci?”

Na ce, “Mama, ba ta jin ki.”

Ta ce, “Ke ce ba ki ji. Ba ga shi ni take kallo ba?”

Abin da ke damuna, ba ta sauraron abin da kike faɗa. Fuskarki take karantawa. In kin yi murmushi, Zahari ya samu safarsa. In kin haɗe gira, yana tari. Ta ce ni da ke mun iya haɗa baki mu ɓoye mata magana a takarda tunda ba ta iya karatu ba, amma fuskar da ta haifa ba za ta yi mata ƙarya ba. Don haka ki riƙa sakin fuska, ko da labarin takin zamani kike karantawa.

Ga martenitsa, zaren da ake maƙalawa ran ɗaya ga Maris, cikin takardar nan. Ita ta murza da hannunta, jan ulu da fari, kowanne da tuntunsa. Uku ta yi, ta ajiye na Zahari a bayan madubi. Na gaya mata an hana ku maƙala komai, ta ce wace irin gwamnati ce za ta hana mutum zaren Maris? Ki aiko Kawu Ilko da amsa ko da baki ne.

Ki riƙa cin abinci. Kin rame, ko kuwa akwatin ne.

Yayarki,
Ruja

Yasenik, 5 ga Maris, 1960

Bistra,

Ina gaishe ki don an saba gaisuwa, amma raina a ɓace yake.

Haka ake yi? A gaban gari kaf? Ba za ki rubuto min ba, in san yadda zan zaunar da tsohuwar nan in gaya mata a hankali? Kin aiko Kawu Ilko ya ce ba za a bar ki ki saka zaren ba, mun haƙura. Sai ga ki ranar ɗaya ga wata da farar riga, da baƙin abu maƙale a ƙirjinki, daidai inda ake saka na makoki. Ni ma na gani da idona. Kowa ya gani.

Mama ta miƙe tsaye, kujerar ta faɗi. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi. Cewa kawai ta yi, “Ɗana.” Gwaggo Tota maƙwabciyarmu ta cire mayafinta ta rufe fuskar akwatin, yadda ake rufe madubi a gidan rasuwa. Muna jin muryarki ta ƙarƙashin mayafin kina faɗin yadda gari zai kasance gobe. Minko ya fizge shi yana cewa, “Ku matan nan, kayan gwamnati ne fa!” Ba wanda ya kula shi. Maza sun cire hula.

Mun yi abin da ya kamata. An rufe madubi, an rataya baƙin ƙyalle a ƙofa, an dafa alkama an raba. Fada ya yi addu'a, ko da yake ba gawa. Na je gari an buga mana takardar rasuwa da hotonsa, wanda yake riƙe da sarewa. Mai bugawa ya tambayi rana. Mama ta ce in kin saka baƙi ran ɗaya ga Maris, to jiyanta ya tafi, sai aka rubuta ranar ƙarshe ta Fabrairu. Na manna ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a bishiyar bakin famfo, ɗaya a bangon coci.

Yanzu ki gaya min. Yaya ya mutu? Wa ya gaya miki? Ina aka binne shi? Ni na goya yaron nan, ina da haƙƙin in sani.

Ruja

Sofiya, 19 ga Maris, 1960

Yaya Ruja,

Ina gaishe ku. Motar Kawu Ilko ta lalace, sai yau takardarki ta iso ni.

Yaya, ki cire takardun nan! Yanzu, kafin ki gama karanta wannan! Ban saka baƙi ba. Zaren Mama ne. Bayan Gerova ta gama duba ni ta juya baya, sai na ciro shi daga hannun rigata na maƙala, don Mama ta gani ta ji daɗi. Farin ya ɓace a kan farar riga, jan ya fito baƙi. Ni da aka goge wa jan-baki, ni ce na manta. Gerova ta wanke ni tas bayan shirin, na yi dariya a raina na ce ai Mama ta gani.

Ban san komai game da Zahari ba sai abin da kika sani. Makon jiya ma na je tagar, an karɓa. Yana da rai, Yaya. Kun yi wa mai rai makoki, kuma ni na jawo. Tun da na karanta takardarki nake kuka, sai kuma dariya ta kama ni in na tuna Gwaggo Tota da mayafinta. In ya dawo zai ce wa ya cinye rabonsa na alkama, ba za mu ƙara shan iska a bakinsa ba.

Shekaranjiya na ga shamuwa ta farko a kan rufin wata makaranta. Na cire zaren kamar yadda aka saba in an gan ta, na ɗaure a wata bishiya mai fure a lambun birni, na roƙa masa dawowa lafiya. Ki gaya wa Mama haka. Ki buɗe madubi, ki roƙar min gafararta. In na samu hutu zan zo da kaina ta ja min kunne.

Ƙanwarki mai wauta,
Bistra

Yasenik, 9 ga Afrilu, 1960

Bistra,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

Zancen jan-bakin nan kin rubuto min tun Janairu, na karanta na yi dariya na manta. Don haka wautar tamu ce mu biyu. Na cire takardar rasuwa ta ƙofa da ta coci. Ta bakin famfo na tarar wani ya riga ni. Na karanta wa Mama takardarki, ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Tana jin tausayina ne.” Ta hana ni taɓa madubin.

Ranar Talata da hantsi wata mota mai launin toka ta tsaya a ƙofarmu. Mutum biyu ne, ba su faɗi suna ba. Minko ne ya rako su, ya tsaya a waje yana ta kallon takalminsa. Babban cikinsu mai ladabi ne, har ya karɓi kofi. Ya ciro takardar bakin famfo ya shimfiɗa a tebur.

“Wa ya gaya muku?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, kuskure ne. Tsohuwa ce ta ga wani abu ta fassara.”

“A ina ta gani?”

Mama ta ce, “'Yata ce ta nuna min. Ta cikin akwati.”

Na yi masa bayanin zare, da ja, da farar riga. Yana gyaɗa kai yana rubutawa, har ya ɗan yi murmushi. Ya tambayi sunanki, ya ce ashe ke yayar Zahari ce, shi bai sani ba. Sannan ya ɗora yatsa a kan ranar da aka buga ƙarƙashin hoton.

“Wannan fa? Zaren ne ya ba ku rana?”

Bistra, na yi ta juya maganar nan har kaina ya yi zafi. Tun shigowarsa har fitarsa bai ce ƙarya muka buga ba. Bai ce ɗanku na nan da rai, ku daina shirme ba. Wa ya gaya mana kawai yake tambaya. Mutum ba ya ɗauko mota tun daga Sofiya don tsohuwa ta yi kuskure. Ina jin ranar da muka buga ta faɗa daidai.

Da za su fita na tare ƙofa na ce, “Ranka ya daɗe, yana da rai?” Ya ce ba sashensu ba ne, ya gode da kofi.

Mama ko gezau. Ta kwashe kofuna ta ce min, “Ba na gaya miki ba?” Ina jin tsoro, Bistra, kuma yanzu ke nake ji wa.

Yayarki,
Ruja

Sofiya, 25 ga Yuni, 1960

Yaya,

Ina gaishe ku. Ki yi haƙuri da shirun. Kawu Ilko ya ce ya daina kai mana takarda, sai da na roƙe shi ya yarda da wannan.

Ba su kore ni ba, da ma korar suka yi. Suna kirana wani ɗaki a hawa na sama, su ba ni kujera, su tambaye ni abu ɗaya. Wane ne a wurin fasa dutse yake aiko min da labari? Kuma su wa nake yi wa alama ta cikin kyamara, ban da Mama?

Na ce su duba hoton ranar su gani. Ba hoto, Yaya. Abin da nake yi miki alfahari da shi, cewa ba a ajiye komai, shi ya ci ni. Abin da ya rage shi ne abin da mutane suka gani, kuma kowa baƙi ya gani. Kosta ya ce shi haske yake kula da shi, ba ƙirjin mata ba. Gerova ta ce ta duba ni ba komai a jikina, bayan idonta na maƙala. Gaskiya ta faɗa.

Suka ce ina zaren? Na kai su lambun. Bishiyar cike take da zare, na kowa da kowa, ruwa da rana sun kashe launinsu duka. Na tsaya ina taɓa rassa kamar mahaukaciya, ban gane nawa ba.

Sai na ce a kawo jan ulu a riƙe gaban kyamara, su ga yadda yake fitowa. Mai ladabin nan, na tabbata shi ne ya sha kofinki, ya ce, “Ba sai an gwada ba, mun san ja baƙi yake fitowa. Ke ma kin sani, tun ranar farko aka gaya miki. Shi ya sa kika zaɓi ja.”

Na ce, “To ya mutu ke nan?”

Ya ce, “Ke za mu tambaya.”

Suna son suna, ni kuwa ba ni da sunan da zan bayar. Na yi tunanin in ƙirƙiro, sai na tuna kowane suna da mai shi.

Har yanzu ina zama gaban fitilu, amma akwai wani mutum a kujera gefen Kosta, yana kallon hannuwana. Ba na iya sosa hanci. Jiya na je tagar, an karɓi cuku da taba kamar kullum. Ban san wanda yake ci ba.

Ki roƙi Mama ta daina karanta fuskata, babu komai a cikinta. Ki kula da ita, ki kula da kanki.

Taki,
Bistra

Yasenik, 22 ga Oktoba, 1960

Bistra,

Ina gaishe ki a duk inda kike. Ban san wanda zai kai miki wannan ba, amma hannuna ya saba.

Duk damina mun yi ta kallonki kina ƙarewa kamar kyandir. Hannuwanki a kan tebur ba sa motsi. Sai ranar Asabar ta farkon watan nan, lokacin shiri ya yi, aka bar mu da hoton da'irar nan da suke sakawa kafin a fara, kiɗa na ta yi. Mutane suka fara tari suna satar kallonmu. Can sai ga wata yarinya mai gajeren gashi ta ce barka da yamma. Ba wanda ya amsa mata.

Na bi Kawu Ilko har Sofiya, na zauna a bayan mota cikin garwanin madara. Matar gidan da kike haya ta leƙo ta ce ita ba ta taɓa ajiye wata Bistra ba, alhali tukunyar furenki na kan taga. A ƙofar wurin aikinku mai gadi ya ce in yi gaba. Na je tagar da kike zuwa, na tsaya a layi da ƙunshi biyu. Na faɗi sunan Zahari, aka karɓa. Na faɗi naki, mutumin ya daɗe yana dubawa, shi ma ya karɓa. Wata mata a bayana ta dafa ni ta ce in gode Allah. Ban iya gaya mata abin da na sani ba, cewa karɓa ba shaidar rai ba ce.

A gari ba mai zama kusa da mu a ɗakin taro sai Gwaggo Tota. Na ce wa Mama mu daina zuwa, ta ƙi. Har yanzu tana wanka, tana ɗaura kallabi. Yarinyar nan take zuwa kallo, ƙirjinta kawai take dubawa. Ta ce abokiyar aikinki ce, in wani abu ya same ki dole ta saka miki baƙi. Duk ranar da ta ga rigar fes ba komai, sai ta dawo gida ta ci abinci ta yi barci. Da wannan take rayuwa, ni kuma na bar ta.

Ki dawo ki yi min surutu, Bistra. Na janye duk abin da na faɗa a kan bakinki.

Yayarki,
Ruja

Yasenik, 28 ga Fabrairu, 1961

Bistra,

Gaisuwa irin ta kullum. Awakin sun haihu.

Mama ta sake murza zare uku. Naki na bayan madubi tare da na Zahari.

Gobe ɗaya ga Maris, kuma akwai shiri. Kowace yarinya a ƙasar nan za ta tashi da jan zare a ƙirji. Ina roƙon Allah Gerova ta duba waccan yarinyar ta akwati da kyau, kada ta juya mata baya. Na ɓoye kujerar Mama, ta ce za ta tsaya da ƙafarta. Na zaunar da ita na ce, “Mama, ko kin ga wani abu gobe, ki tuna ja ne.”

Ta dube ni ta ce, “Ai bara ma ja ne.”

Allah ya tsare ki.

Yayarki,
Ruja